Yadda za ka shirya wa jarrabawar SQL da ta fahimtar Ingilishi, mataki bayan mataki

Tun da aka fara jin ƙamshin jarrabawar ƙarshen shekara saƙonni ke ta shigo mini, galibi daga ɗaliban da ke karatun kwamfuta a nan Maraɗi: waɗanda ke Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, da masu shirin BTS a makarantu masu zaman kansu. Tambayar ba ta canzawa: "Malam, SQL da Ingilishi ne ke kayar da mu, ta ina za mu kama?" SQL dai shi ne harshen da ake ba rumbun bayanai umarni da shi a kwamfuta. Ga amsar a rubuce, yadda kowa zai samu. Zan riƙa cewa "ka", amma ƴan'uwa mata har da ku nake.

Abin da na gani a takardun ɗalibai shi ne darussan biyu ciwonsu ɗaya. Yaro ya san umarnin, ya san kalmomin, amma ya amsa tambayar da ba a yi masa ba. Shi ya sa na haɗa su cikin shiri guda: sati 6, awa 2 kullum, awa ɗaya ga kowane darasi.

1. Tara kayan aiki

Kaye biyu, bik shuɗi da bik ja, sai tsofaffin takardun jarrabawa. Ka nemi na shekara 5 da suka wuce wurin waɗanda suka riga ka ko wurin malamin darasin. A inda nake buga takardu shafi dala biyar ne, wato CFA 25, don haka shafi 40 jika guda zai ci. Idan ku huɗu ne, ku buga sau ɗaya ku riƙa musaya.

Manhajar kyauta ce, kada kowa ya sayar maka. Mai kwamfuta ya sauke DB Browser for SQLite: ba ta da nauyi, kuma da an saka ta ba ta ƙara neman intanet. Idan da MySQL ake koya muku a aji, ka saka XAMPP, wadda ke zuwa da MariaDB da phpMyAdmin, sai dai ta fi nauyi sosai. Mutum ɗaya ya sauke, sauran su kwafa ta kile USB, ba sai kowa ya ƙona kuɗin intanet ba.

Wanda ba shi da kwamfuta, wayarsa ta Android ta isa. Ka sauke manhajar Termux daga F-Droid, wata ma'ajiyar manhajoji ta kyauta, ka buɗe ta ka rubuta pkg install sqlite, in ta gama ka rubuta sqlite3 shago.db. Daga nan sai .headers on da .mode column, don amsa ta fito a jere da sunayen ginshiƙai.

Hattara: a DB Browser abin da ka shigar bai zauna ba sai ka danna Ctrl da S. Lokacin zafi da kuran ke yawan ɗaukewa, aikin awa guda na iya tafiya a banza. Sa'annan ka duba allon rubutun da za a ba ku idan akwai jarrabawar aiki a kan na'ura. Wanda ya saba da QWERTY, irin na kwamfutocin da ake kawowa daga Kano, zai ɓata minti goma yana laluben tauraro (*) da layin ƙasa (_) a kan AZERTY, inda layin ƙasa ke kan maɓallin 8.

2. Gina rumbun bayanai naka na kanka

Kada ka fara da rumbun da wani ya gina. Ka gina ƙarami a kan abin da ka sani ciki da bai, yadda in amsa ta fito karkace idonka zai kama. Ni shagon hatsi nake ba ɗalibaina: gero, dawa, wake, gyaɗa, aya. Tebur uku sun isa.

CREATE TABLE kaya (lamba INTEGER PRIMARY KEY, suna VARCHAR(30) NOT NULL, farashi INTEGER);

CREATE TABLE mai_saye (lamba INTEGER PRIMARY KEY, suna VARCHAR(30), gari VARCHAR(30));

CREATE TABLE ciniki (lamba INTEGER PRIMARY KEY, lamba_mai_saye INTEGER, lamba_kaya INTEGER, buhu INTEGER, rana DATE, FOREIGN KEY (lamba_mai_saye) REFERENCES mai_saye(lamba), FOREIGN KEY (lamba_kaya) REFERENCES kaya(lamba));

Ka lura da jerin. Teburin ciniki ya zo ƙarshe domin yana jingine da sauran biyun. A takardar jarrabawa za a ba ka tsarin yadda aka saba a Merise, hanyar tsara rumbun bayanai ta Faransa: babban makulli (PRIMARY KEY, ginshiƙin da ke bambanta kowane layi) an ja masa layi a ƙasa, baƙon makulli (FOREIGN KEY, ginshiƙin da ke nuni ga wani tebur) an sa masa alamar #. Duk teburin da ke ɗauke da # a bayan uwayensa ake gina shi.

Ka zuba kaya 5, masu saye 8 daga Tibiri, Madarunfa, Gidan Rumji, Tasawa da Dakoro, da ciniki 20. Da gangan ka bar mutum ɗaya ba gari, mutum ɗaya kuma bai taɓa sayen komai ba. Su biyun nan za su koya maka abin da sauran shidan ba za su koya maka ba.

Hattara da abu huɗu a nan, dukansu daga al'adar rubutunmu suke fitowa. Sunaye irin Sa'adu da Mu'azu suna karya umarni, domin ɗan waƙafin saman da ke cikinsu shi ne alamar rufe rubutu a SQL. Sai an ninka shi: 'Sa''adu'. Adadi mai gutsure da ɗigo ake rubuta shi, 12.5, in ka sa 12,5 yadda muka saba a Faransanci, na'ura za ta ɗauka abu biyu ka ba ta. Kwanan wata da shekara ake farawa: '2025-03-14'. Sa'annan sunan tebur ko ginshiƙi kada ka sa masa ɗ, ƙ, ɓ, ko é, ko fili a tsakani.

3. Bik kafin na'ura

Wannan matakin ne ɗalibai suka fi tsallakewa, kuma shi na fi matsa musu a kai. Kowace tambaya ka fara rubuta umarninta a kaye. Ƙarƙashinsa ka rubuta amsar da kake sa ran gani: layi nawa, su wane ne a ciki. Sai bayan nan ka buga a na'ura ka gwada.

Dalili kuwa, yawancin jarrabawar a takarda ake yin ta, ba na'urar da za ta ce maka ka manta waƙafi. Kuma na'ura tana yafe abin da mai gyara takarda ba ya yafewa. Wani ɗalibina ya kawo mini waya yana murna: "Malam, duba, ta karɓa!" Ya sa suna da gari a SELECT, amma gari kawai ya sa a GROUP BY. SQLite ta karɓa, ta ɗauko suna ɗaya cikin mutanen garin ta liƙa a gefen jimilla. Na ce ya ɗauki bik ya lissafa buhunan mutumin da hannu. Ya ƙirga sau biyu, ya ga mutumin buhu 4 ya saya, allo kuma ya rubuta masa 31, na garin duka. Tun ranar bai sake buga umarni ba sai ya faɗi amsar tukuna.

Haka SQLite ba ta tsare baƙon makulli sai ka rubuta PRAGMA foreign_keys = ON. In ka raba 7 da 2 za ta ba ka 3, MySQL kuma ta ba ka 3.5. Ka san wacce ake koya muku, ka bi ƙa'idarta.

4. Bi umarnin a jere

Sati na farko: SELECT, FROM, WHERE, ORDER BY, DISTINCT, LIKE, BETWEEN, IN, a kan tebur ɗaya kawai. A LIKE alamar % na tsaya wa haruffa ko nawa ne, layin ƙasa kuma harafi ɗaya tak. BETWEEN 10 AND 20 ya haɗa da 10 ɗin da 20 ɗin.

Hattara: gurbin da ba komai a cikinsa ba a nemansa da = NULL, sai IS NULL. Ka gwada a kan mutumin nan da ka bari ba gari. = NULL ɗin ba zai kawo kowa ba, kuma ba zai yi maka ƙorafi ba, wannan shirun ne haɗarinsa.

Sati na biyu: COUNT, SUM, AVG, MIN, MAX, tare da GROUP BY da HAVING. COUNT(*) zai ba ka 8 a teburin masu saye, COUNT(gari) kuma 7, domin ba ya ƙirga gurbin da ba komai. A nan ne ya kamata ka haddace jerin da na'ura ke bi, wanda ya saɓa da jerin da muke rubutawa: FROM, WHERE, GROUP BY, HAVING, SELECT, ORDER BY. Ka ɗauka a kasuwa kake. Ka shiga rumfa, ka ware buhunan da ba ka so, ka kasa sauran kashi-kashi, ka auna kowane kashi ka ture wanda bai kai ba, sa'annan ka faɗi sakamako. WHERE na tace layi kafin a kasa, HAVING na tace kashi bayan an kasa. Shi ya sa SUM ba ta shiga cikin WHERE: a lokacin ba a tara komai ba tukuna.

Sati na uku: haɗa tebura. Ga tambaya irin wadda ake so: garuruwan da suka sayi fiye da buhu 50, daga mai yawa zuwa mai kaɗan. A umarnin, m laƙabin teburin mai_saye ne, c kuma na ciniki.

SELECT m.gari, SUM(c.buhu) FROM mai_saye m JOIN ciniki c ON m.lamba = c.lamba_mai_saye GROUP BY m.gari HAVING SUM(c.buhu) > 50 ORDER BY SUM(c.buhu) DESC;

Hattara: in ka jera tebur biyu a FROM da waƙafi ka manta sharaɗin haɗi, kowane layi na wannan zai auri kowane layi na wancan. Masu saye 8 da ciniki 20 za su haifi layi 160. Ka yi kuskuren sau ɗaya da gangan don ka gane fuskarsa. Ƙa'idar da za ka riƙe: tebur uku, sharaɗin haɗi biyu, tebur huɗu, uku. Kuma da yake kaya da mai_saye duk suna da ginshiƙin suna, dole ka ce m.suna ko k.suna (k laƙabin teburin kaya), in ba haka ba sai saƙon "ambiguous column name" ya fito. Ka riƙa karanta saƙonnin nan da kyau kana rubuta ma'anarsu, darasin Ingilishi ne kyauta.

Sati na huɗu: umarni cikin umarni, da LEFT JOIN, sai INSERT, UPDATE, DELETE, ALTER TABLE da DROP TABLE. Tambayar "waɗanda ba su taɓa saye ba" kusan ba ta ɓacewa a jarrabawa. Ana amsa ta da NOT IN, ko da LEFT JOIN sa'annan WHERE c.lamba IS NULL. Ka iya duka biyun, domin NOT IN ba ya kawo komai muddin akwai NULL ko ɗaya a jerin da ke cikin baka.

Hattara ta ƙarshe a wannan mataki: UPDATE ko DELETE ba tare da WHERE ba, tebur duka yake shafa. Ka saba da fara rubuta SELECT da sharaɗin, ka ga layukan da zai taɓa, sa'annan ka mayar da shi DELETE. Kuma DELETE abin ciki yake kwashewa ya bar teburin, DROP kuwa har teburin yake tafiya da shi.

5. Ja layi ƙarƙashin ƙananan kalmomi

Kafin ka rubuta SELECT, ka ɗauki bik ja ka bi tambayar, ko da Faransanci ta zo ko da Ingilishi. Manyan kalmomi ba su cika kayar da mutum ba, ƙananan ne. "Au moins" ko "at least" shi ne >=. "Plus de" ko "more than" shi ne > kawai. "Au plus" ko "at most" shi ne <=. "Par ville", "pour chaque", "for each" suna kiran GROUP BY. "Aucun", "jamais", "never" suna kiran NOT IN ko LEFT JOIN. "Sans doublon" DISTINCT ne.

Wadda ta fi zubar da maki ita ce "da". An ce a kawo masu sayen Tibiri da Madarunfa, yaro ya rubuta gari = 'Tibiri' AND gari = 'Madarunfa'. Ba layin da garinsa zai zama biyun a lokaci guda, amsa ta fito wayam. OR ake so, ko IN ('Tibiri', 'Madarunfa'). In kuma ka gauraya OR da AND a sharaɗi ɗaya, ka sa baka, domin na'ura AND take fara lissafawa.

Wannan jan layin shi ne dai aikin da za ka yi a awarka ta biyu.

6. Karanta nassin Ingilishi da tsari

A yawancin takardun da na gani, nassi ne ake bayarwa, sai tambayoyin gaskiya ko ƙarya tare da hujja daga nassin, sai na zaɓi, sai waɗanda za ka amsa da jimlarka, sai ma'anar kalmomi. Ga yadda za ka bi, kuma kada ka sauya jerin.

Da farko ka karanta kan nassin da tambayoyin, don ka san abin da kake farauta. Ka sa wa sakin layi lamba a gefe. Ka karanta nassin sau ɗaya da sauri ba tsayawa, ko da kalma goma ta wuce ka. A gefen kowane sakin layi ka rubuta kalma biyu ko uku, da Hausa ma in ka so, na abin da yake magana a kai. Sai karatu na biyu a hankali da bik ja. Abu biyu za ka yi wa alama. Na farko kalmomin da ke juya magana: although, however, but, unless, whereas, despite. Na biyu wakilan suna: it, they, this, which. Kowanne ka ja kibiya zuwa abin da yake nufi, domin ana yawan tambaya a kansu kai tsaye.

Ga jimlar da nake gwada ɗalibai da ita: "Although the shop sold fewer bags of millet in May than in April, it made more money because the price had risen." Tambaya: gaskiya ko ƙarya, "The shop sold more millet in May." Da yawa sukan ce gaskiya, don idonsu ya ga "more" ya ga "May" a kusa da juna. Ƙarya ce: kuɗi ne suka ƙaru, buhuna raguwa suka yi. Ɗan kasuwar Maraɗi zai gane wannan lissafin kafin ka rufe baki, ɗalibi ma ya san shi, gaggawa ce ta rufe masa ido.

Hattara: a tambayar gaskiya ko ƙarya, hujjar daga nassin ake kwafo ta cikin alamar zance, guntun da ya dace kawai, da lambar layinsa. In kuma an ce "in your own words", kwafe jimlar nassi zubar da maki ne. Ka amsa da lokacin aikatau ɗin da tambayar ta zo da shi: an tambaye ka da "did", ka amsa da abin da ya wuce. Kuma abin da nassin ya faɗa ake tambaya. Ko ka fi marubucin sanin batun, ajiye saninka.

Wajen abin karantawa, in tsofaffin takardu sun ƙare, shafin BBC Learning English na da gajerun nassoshi da sauti, Wikipedia kuma na da sashen Ingilishi mai sauƙi. Ka nemi batutuwan kwamfuta, intanet, kasuwanci da noma. Littattafan tsofaffin tambayoyin WAEC, jarrabawar kammala sakandare da ake yi a Najeriya, da ake samu a Katsina suna da amfani wajen saurin karatu, amma an yi su ne don waɗanda da Ingilishi suka yi makaranta tun firamare, kuma tsarin tambayarsu daban ne. Ka bar su sai sati na huɗu.

7. Kalmomin da ke sanye da rigar Faransanci

Faransancin da muka yi karatu da shi gata ne, domin kalmomin Ingilishi masu yawa sun yi kama da nasa kuma ma'anarsu ɗaya. Amma akwai waɗanda kama ce kawai. "Actually" na nufin a gaskiya, ba a halin yanzu ba. "Library" ɗakin karatu ne, ba shagon littattafai ba. "Attend" halarta ne, ba jira ba. "Eventually" daga ƙarshe ne, ba wataƙila ba. "Sensible" mai hankali ne. "Lecture" lacca ce. "Large" babba ne, ba mai faɗi kawai ba. "To pass an exam" cin jarrabawa ne, alhali "passer un examen" zama rubuta ta ne kawai.

Wata ɗaliba ta taɓa rasa tambaya uku a jere saboda "deceive". Ta fassara shi da ɓata rai, irin "décevoir", alhali yaudara yake nufi. Nassin a kan masu damfara ta waya ne, ita kuwa ta amsa kamar labarin abokan ciniki ne da ba su ji daɗin kaya ba. Da na nuna mata ta yi shiru, can ta ce, "Malam, ai kalma ɗaya ce." Na ce haka ne, amma a sakin layi na farko take, duk sauran a kanta aka ɗora su.

Kalmar da ba ka sani ba, kada ka ruga ƙamus. Ka duba abin da ke gabanta da bayanta, ka yanke ko suna ce ko aikatau, ko abin kirki take nufi ko na tsiya, ka rubuta hasashenka, sa'annan ka buɗe ƙamus. Daidai da yadda kake faɗin amsar SQL kafin ka buga.

8. Kayen kuskure

Kaye na biyu na wannan ne. Kowane kuskure layi uku: abin da aka tambaya, abin da ka rubuta, dalilin da ya sa ka kauce. Dalilin ya zama takamaimai, irin "na sa > a wurin >=", ba "ban kula ba". Duk Juma'a da yamma ka sake amsa na satin ba tare da duba gyaran ba. In kuna da fada, ku mayar da zaman shayi ɗaya a sati na musayar kaye: kowa ya gyara na ɗan'uwansa da bik ja, a yi gardama har a kai ga na'ura ta raba.

9. Sati biyun ƙarshe: gwaji da agogo

Yanzu ba sabon darasi. Takarda cikakkiya kowane kwana biyu, yau SQL jibi Ingilishi, da daidai lokacin da aka rubuta a kanta, waya a kashe a wani ɗaki. Ka yi da safe, lokacin da za a yi ta gaske. Ranar da ke tsakani ta gyara ce.

Ka raba lokaci bisa maki. Minti 10 na farko karatu ne kawai, ba rubutu. A SQL ka kwafe tsarin teburan a takardar gwaji, ka ja kibiya daga kowane # zuwa teburin da yake nuni, yadda kowace tambaya ta zo za ka ga hanyar da za ka bi daga wannan tebur zuwa wancan. Ka rubuta kowane sashe na umarni a layinsa, SELECT a sama, FROM a ƙasa, haka har ƙarshe, kalmomin SQL da manyan baƙaƙe. Mai gyara zai ga abin da ka iya ko da wani sashe ya karkace. Tambayar da ta cije, ka rubuta SELECT da FROM da sharaɗin haɗin da ka tabbatar, ka bar fili, ka wuce.

Minti 10 na ƙarshe na dubawa ne, kuma ka san abin da kake nema. A SQL: sunan ginshiƙi daidai da yadda aka ba ka shi, rubutu cikin waƙafin sama, kowace baka da ka buɗe ka rufe, waƙafi mai ruwa a ƙarshen umarni. A Ingilishi: harafin s na "he, she, it", babban baƙi a sunayen ranaku da watanni, wanda Faransanci ba ya sawa, sai lambar kowace amsa ta yi daidai da lambar tambayarta.